Macijin Ruwan Hoda Da Jar Akuyar Maraɗi

Gaisuwa ga mutanen Manshiya da Gurda da Mahdiya, da duk wanda muryar nan ta iske a cikin Sabha ta ƙasar Libiya da kewayenta, ko yana gida, ko yana shago, ko ya taso daga gona yana jiran shayi ya nuna.

Sharhinmu na yau a kan launin dabba ne. Launin da mai kiwo yake kashe shekaru yana nema, mai saye kuma ya ƙara kuɗi saboda shi. Za mu fara da dabbar da ba kowa ke son a ambace ta da dare ba, wato maciji. Daga nan mu dawo gida, kan jar akuya. Magana ɗaya za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe. Launi ido ne ke ganinsa yau, amma abin da dabba za ta haifa gobe yana wurin iyayenta. Mai saye ya tambayi iyaye.

To, bismilla. Mu fara da Amurka.

A kudu maso gabashin ƙasar, a jihohi irin su Fulorida da Jojiya da Karolina, akwai wani maciji da ake kira macijin masara. Ba shi da dafi. Ɓera yake kamawa, ya nannaɗe shi, ya matse, ya haɗiye. Tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba. A daji jikinsa ruwan goro ne, da manyan tabo jajaye a gadon baya, kowane tabo baƙi ya kewaye shi. A wurinmu maciji sai gardi. A can kuwa ɗalibi da ma'aikacin ofis suna ajiye wannan a ɗakin kwana, cikin akwatin gilashi, suna ba shi ɓera mako-mako. Yana iya kai shekara 20 a hannun mai shi. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

A kasuwar masu wannan kiwo, macijin da ya fi ɗaukar ido shi ne mai ruwan hoda. Sunayensa kuma da yawa. Wannan a ce Snow, wancan a ce Opal, ga Coral, ga Salmon, ga Bubblegum. Baƙo ya dube su ya ce ai duk abu ɗaya ne. Mai kiwo ya ce sam, kuma kuɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Wa ya fi gaskiya? Kafin mu raba gardamar, sai mun san inda launin yake fitowa.

Ku ɗauki fatar macijin nan kamar marina mai rijiya uku. Rijiya ta farko baƙi take bayarwa. Ta biyu ja da rawaya. Ta uku ba rini take yi ba, ƙyalli take sa wa. Idan gado ya rufe rijiyar baƙi, ja da rawaya da fari ne za su rage. Idan ya rufe ta ja, maciji ya fito toka-toka da baƙi. Duk launukan da ake tallarsu daga nan suka taso.

Ga yadda abin ya fara. A shekarar 1953 aka kama wani namiji a jihar Karolina ta Arewa wanda babu ɗigon baƙi a jikinsa, idonsa kuma ja wur. Wani likitan fata mai suna Bernard Bechtel ya samo shi, ya haɗa shi da mata masu launin daji a 1959. 'Ya'ya suka ƙyanƙyashe, duk kamannin uwayensu. Ko ɗaya bai ɗauko uban ba. Da wani ne, da ya ce an yi asara ya watsar. Likitan bai watsar ba. Ya rene su har suka girma, ya haɗa su da junansu. A 1961 sai ga launin kaka ya dawo a jikoki.

Jama'a, a nan ne zancen yake, don haka mu ɗan tsaya. Irin wannan gado mai laɓewa ne. Sai ɗa ya karɓo shi ta wajen uwa, ya kuma karɓo ta wajen uba, kafin ya bayyana. Idan ta gefe ɗaya ya zo, yana nan a jini, amma ido ba ya ganinsa. Aka haɗa masu ɗauke da shi biyu, kusan ɗaya cikin kowane huɗu na 'ya'yansu zai fito da shi. Lissafin ba sabo ba ne. Gregor Mendel ya gano shi a kan wani nau'in wake, ya bayyana shi tun 1865.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jeniba ta ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Farfesa Michel Milinkovitch, suka gano ƙwayar gadon da ke hana macijin nan yin baƙi. Sunanta OCA2. Ita ce dai ƙwayar da ke kawo nau'in zabiyancin da ya fi yawa tsakanin mutanen Afirka. Saboda haka idan iyaye baƙaƙe suka haifi zabiya, ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Uwa ta kawo rabi, uba ya kawo rabi. Surukai su riƙe wannan.

Yanzu mu shiga cikin masu ruwan hodar, ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce Snow. Masu kiwo suka ɗauki macijin da ba ya yin baƙi, suka haɗa da wanda ba ya yin ja, irin da ake samu a dajin kudu maso yammacin Fulorida. 'Ya'yan farko suka fito da launin daji, kamar yadda aka saba. Sai a jikoki, kusan ɗaya cikin 16, aka sami wanda ya rasa duka biyun. Ba baƙi, ba ja. Ranar da ya fasa ƙwai jikinsa ruwan hoda ne, domin fatarsa siririya ce, jinin da ke ƙarƙashi yana nunawa. Yana girma yana saɓa, fata tana kauri, launin yana koɗewa zuwa fari. Daga baya rawaya ta ɓullo masa a wuya da gefen jiki. Wanda ya saye shi yana jariri saboda ruwan hoda, bayan shekara biyu sai ya tarar da farin maciji mai rawayan wuya a akwatinsa. Ba a cuce shi ba. Bai tambaya ba ne.

Opal ta wata hanya ta zo. Rashin baƙin nan ne aka haɗa da wani gado dabam, wanda ke mayar da maciji ruwan toka mai sirkin shuni. Wannan ma mutanen Jeniba sun gano ƙwayarsa a 2020. Jaririn Opal da jaririn Snow, ido ba ya saurin raba su. Amma a haɗa su aure a gani. 'Ya'yansu ba za su fito Snow ba, ba za su fito Opal ba. Jajaye za su fito masu ruwan lemo, domin abu ɗaya kaɗai iyayen suka yi tarayya a kai, wato rashin baƙi. Kun ji ko? Kama a ido, bambanci a jini. Akwai kuma Blizzard, wanda yakan girma fari fat, kusan babu tabo babu rawaya. Shi ma haɗin gado biyu ne, rashin baƙi da wani gadon dabam.

Waɗannan ukun suna bin lissafi. Wanda ya san iyaye zai iya faɗin abin da ƙwai zai fitar kafin ya fashe.

To, ga kashi na biyu, kuma shi ne mai wahala. Bubblegum ba wata sabuwar ƙwayar gado ba ce. Snow ce, sai dai hannun mai kiwo ya daɗe a kanta. Cikin 'ya'yan bana sai ya ware waɗanda ruwan hodarsu ta fi ƙarfi, ya sayar da saura. Ya jira shekara biyu ko uku su balaga. Ya haɗa su, ya sake warewa, ya sake jira. Haka zai yi ta yi, zuriya bayan zuriya, har launin ya zauna. Aikin shekara goma ne ko fiye. Kuma abin da aka tara a hankali yana saurin zubewa. A haɗa Bubblegum da Snow ta gama-gari sau ɗaya, sai launin ya ja baya, 'ya'ya su fito tsaka-tsaki, wani ya fi wani.

Coral da Salmon kuwa, a nan ne ƙura take tashi. Ruwan hodarsu mai ƙarfi ce, tana karkata wajen ruwan lemo, kuma ba ta gudu idan maciji ya girma. Da farko ana kiran Coral ga Snow mai ɗauke da wani gado na uku. Daga baya wasu gidajen kiwo suka sa sunan a kan nasu layin, mai wani gadon ƙara ja na dabam. Yau mutum biyu za su ce Coral, kowa da abin da yake nufi. Su kansu masu kiwon suna gardama a kai. Suna a bakin mai sayarwa yake, kuma babu hukumar da ke hana shi raɗawa. Shi ya sa gwanayensu ba sa tsayawa kan suna. Tambayarsu ita ce, daga gidan wa ya fito, su wane ne iyayensa, yaya kamanninsu da suka girma?

Ƙari a kan haka, masu kiwo sun lura maza sun fi mata riƙe ruwan hoda. Macijin da ke gab da saɓa launinsa yakan dusashe. Hoton da aka ɗauka a rana dabam yake da wanda aka ɗauka ƙarƙashin fitila.

Kafin mu bar Amurka, ga gefen da ba a cika tallarsa ba. Wanda ke bin launi ido rufe yakan haɗa ɗa da uwa, wa da ƙanwa, don kada launin ya kuɓuce. Cuta mai laɓewa ita ma ta nan take shigowa, da lissafi iri ɗaya. A wani layi mai suna Sunkissed an sami 'ya'yan da ba sa iya daidaita kansu, suna ɗaga kai sama suna birkicewa idan za su yi tafiya. Launin ya yi kyau, lafiya ta tafi. Masu kiwon kirki sun sha wahala kafin su tace wannan daga garkensu.

Jama'a masu sauraro, yanzu mu dawo gida. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Manshiya da macijin Turawa? Ruwansa shi ne, mu ma muna da dabbar da aka gina sunanta a kan launi. Kuma fatarta ta daɗe tana ratsa ƙasar nan ta Fezzan.

Jar akuya ke nan, ta Maraɗi da Tasawa, ta Sakkwato a ɗaya gefen iyaka. Ba ta da tsawo. Gashinta gajere ne mai sheƙi, ja mai duhu. Tana yawan haifar tagwaye, tana da nono daidai gwargwado. A ƙauye ita ce asusun mace. Da ita ake biyan adashi, da ita ake sayen magani, da ita ake haɗa kayan ɗakin 'ya. Amma abin da ya kai sunanta duniya fatarta ce, mai laushi, mai ƙarfi, mai kyan ido.

Shekaru aru-aru fatake suna ɗaure fatun nan a Kano, ayari ya tashi ta Damagaram da Agadas, ya hau Gat, daga nan wasu su bi Gadamas, wasu su bi Murzuk da ke kudu da mu, har Tarabulus bakin teku. Bature Heinrich Barth, wanda ya ratsa Murzuk a 1850 ya isa Kano a 1851, ya rubuta yadda kayan fatar Kano suke tafiya arewa. Turai ta karɓi fatar daga tashoshin arewacin Afirka, ta riƙa kiranta fatar Maroko. Da ita aka yi bangon littattafai masu tsada, da safar hannu, da takalma. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sannan kayan suka juya kudu zuwa Ikko, hanyar raƙuma ta yi sanyi.

Da Turawan mulki suka ga kuɗin da ke cikin fatar, sai suka ɗauki launi a matsayin hatimi. Malaman dabbobi suka riƙa bin ƙauyuka suna mayar da bunsurun da ba ja ba taure, don kada ya hau jajayen awaki. Bayan samun 'yanci gwamnatin Nijar ta buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a 1963, tana zaɓen jajayen bunsuraye tana rabawa. Daga baya ƙasar Beljiyam ta tallafa wa wani shiri na yaɗa jar akuya, ƙungiyoyin mata suka amfana. Wannan aiki iri ɗaya ne da na mai Bubblegum. A ware mai launin da ake so, a hana sauran haihuwa, a maimaita.

To, a nan akwai abubuwa biyu da ya kamata mu duba da idon basira.

Na farko yana wurin majema. Fata idan ta shiga hannunsu, gashin ne ake fara kankarewa. A jiƙa ta, a cire gashi, a jeme ta da bagaruwa. Jan da kuke gani a jikin jakar fata ko kuben takobi, ba jan akuya ba ne. Na karan dafi ne, wanda ake rina ta da shi bayan an gama jima. Mai ɗinkin littafi a Landan bai taɓa ganin gashin akuyar ba. Laushin fatar ya saya.

Na biyu ya fito daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. A 2002 Hamani Marichatou da abokan aikinsa suka buga binciken da ya gwada jar akuya da baƙar akuya ta yankin Maraɗi. Ba su sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba wajen haihuwa da girma. Baƙar da aka yi shekaru ana dandaƙe 'yan'uwanta maza, ashe ba ta gaza ba.

Shin wannan yana nufin an yi aikin banza? A'a. Launin ya yi amfani a matsayin alama. Jan da babu sirki yana nuna cewa akuyar ba ta gauraya da dogayen awakin Sahel ba, kuma kasuwa tana biyan wannan alama. Macen da ta sayar da jar akuya ta fi karɓar kuɗi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma alama ba ita ce nono ba, ba ita ce tagwaye ba. Bunsurun da uwarsa ke haifar biyu-biyu tana shayar da su har su ƙoshi, a mayar da shi taure saboda farin tabo a goshi, wannan asara ce. A bar wani ja wur wanda uwarsa ba ta da nono ya cika garke, wannan asara ce ta biyu. Launi ido ne ke ganinsa. Nono da haihuwa suna wurin iyaye.

Bari mu kawo maganar ƙofar gida. Da yawa daga cikinku kuna da ɗan kiwo a bayan ɗaki ko a gonar da kuke aiki. Wani akuya, wani tunkiya, wani tantabaru a saman soro. Wasu kuma kuna aika kuɗi gida, Maraɗi ko Damagaram ko Katsina, a saya wa iyali dabbar kiwo. Dillali ya turo hoto ta waya, ya ce wannan 'yar asali ce, ba a samun irinta. Ku tuna da mai sayen Coral. Sayen dabbar kiwo a kan hoto cinikin biri a sama ne. Ku sa wanda kuka amince da shi ya je ya gani da rana. Ya tambayi gidan da ta fito. Ya ga uwarta idan tana nan. Haihuwa nawa ta yi, guda nawa-nawa, nawa suka rayu? Mai tantabara ya fi kowa sanin cewa ɗan shila yakan sauya kama bayan ya zubar da gashin farko, don haka iyayen yake dubawa kafin ya biya.

Kada kuma bunsuru ɗaya ya daɗe a garke har ya hau 'ya'yansa da jikokinsa, komai kyan launinsa. Ku yi musaya da maƙwabci, ko ku sayo daga wani gari. Abin da ya sami macizan Sunkissed yana iya samun akuya, yana iya samun tantabara.

Saura gargaɗi ɗaya, kuma mai nauyi ne. Macijin da muka yi ta zancensa ɗan Amurka ne, ba ya rayuwa a dajin Libiya. Namu na Fezzan dabam ne. Akwai mai ƙaho, wanda ke binne kansa cikin rairayi, ya bar ido kawai a waje. Jikinsa yakan ɗauki launin ƙasar da yake zaune, wani rawaya, wani toka-toka, wani har da sirkin ruwan hoda. Shi ba mai kiwo ne ya zaɓa masa launi ba. Wanda ya fi sajewa da rairayi shi ne ya tsira ya haihu. Kuma dafinsa na gaske ne. Yaran da ke kallon bidiyon Turawa suna wasa da kyakkyawan maciji a hannu, a gaya musu wancan dabam, wannan dabam.

Don haka 'yan'uwa masu aiki a gonakin bayan gari, ku sa takalmi mai rufi, ku riƙe tocila idan za ku fita ban ruwa da dare. Wanda tsautsayi ya afka wa, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, a hanzarta kai shi asibiti. Masu shirin aika kuɗin akuya gida a wannan wata kuma, ku buga waya ku ce a gano muku uwarta kafin a yi sallama.

A nan za mu dakata. Allah ya sa wa kiwonku albarka, ya tsare ku da iyalanku.